Na Shanya Maganin Lamba a Rana

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah ku ji ƙarshen zancen kafin ku yanke mini hukunci. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa.

Ranar mu huɗu ne a rumfata ta kasuwar Lafia, inda nake sayar da saiwa da sassaƙe: ni, da Malam Audu mai lamba, da dogarin da ke raka shi, da Ladi mai ƙosai. Cutar agana ta shigo gari, Malam Audu ke yawo yana tsaga damtsen mutane yana ɗiga musu magani. Ni ke tafasa masa ruwan wanke aska, ni ke koro mata su kawo 'ya'yansu, don ba mai yi mini musu a kasuwar nan.

Malam Audu ya miƙo mini ɗan gwangwanin maganin lamba nannaɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ya ce, "Iya, ajiye mini a gindin randa, zan je Doma sai jibi. Kada ya bar wurin sanyi."

Na ce, "Ni za ka koya wa ajiyar magani? Tun ba a haife ka ba nake wannan sana'a."

Ladi ta ce, "Malam, yau ka taɓo ta!"

Yana tafiya na taɓa tsumman na ji danshi. Shekara nawa ina ganin danshi yana sa magani fumfuna? Sai na kwance, na shanya gwangwanin tare da saiwoyina, wuni biyu cur a rana, sannan na sake jiƙa tsumman na mayar, don kada ya dame ni da surutu. Da ya dawo, da shi ya yi wa mutanen Akurba lamba. Ko ɗaya ba ta kama ba. Yanzu yara biyu a can sun kwanta da agana, likita ya ce zafi ne ya kashe maganin, sakacin Malam Audu ne, za a kore shi.

Shekaranjiya Malam Audu ya zo ya durƙusa, ya ce, "Iya, maganin bai bar gindin randa ba ko?"

Na zuba masa ido na ce, "Zargina kake?"

Ya ce, "Wane ni!" Shi ya ba ni haƙuri, jama'a. Shi!

In na faɗi gaskiya, wace mace za ta sake kawo ɗanta lamba da maganata? In na yi shiru, ya tafi da laifina a kansa. Jiya da sassafe na ja mayafi har ƙofar asibiti, na hango shi tsugune yana jiran kira, na juyo gida. Jama'a, yanzu me zan yi?