Kuɗin karatuna sun zama albashi a takarda, mai kuskuren kuwa aminin babana ne

Inna Larai, don Allah ki taimake ni da shawara. Abu ne ya tsaya mini a wuya, ba ya haɗiyuwa, ba ya tofuwa. Kada ki sa sunana, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa.

Ina aiki a Malbaza, a buron wani kamfanin manyan motoci masu ɗaukar siminti. Ni ke rubuta motar da ta fita da wadda ta dawo, da man da aka zuba wa kowace. Bara mai kamfanin ya tara mu ya ce duk wanda ya je ya ƙaro ilimi a kan aikinsa, in ya ci jarrabawa ya kawo rasit, za a mayar masa da kuɗin lakwal ɗin, wato kuɗin makarantar da ya biya. Aka rubuta, muka sa hannu. Ni kuwa tun da na bar karatu a aji na ƙarshe nake jin ciwon abin a raina. Na sayar da tumakina biyu da ke wurin gwaggona a Badaguishiri, na yi rajista a wata makaranta a Konni inda ake koyar da kwamfuta da tsara jigilar kaya, Asabar da Lahadi. Shekara guda ina bin motar haya, yarana biyu na wurin surukata, ina zama aji da yaran da na girme su nesa. Akwai ranakun da na ce na daina. Amma na ci, Inna, har malaminmu ya kira sunana gaban aji.

Kamfanin bai saɓa alkawari ba, an mayar mini da kuɗina cif. Sai ƙarshen wata na ga albashina ya zo da giɓi. Na duba takardar albashi, sai na ga an rubuta kuɗin karatun a layin kyautar ƙwazo, an haɗa su da albashi an yanke haraji a kansu. Na ce to, wataƙila haka doka take, na haƙura. Wata na biyu sai ga layin ya sake fitowa, kuɗin nan dai, alhali ba a ba ni ko dala ba, aka kuma sake yankewa. Ke nan a takarda na karɓa sau biyu, kuma haka aka aika wa buron haraji.

Ga inda ciwon yake. Kontabul ɗinmu mai lissafin albashi, Baba Abarshi, aminin marigayi babana ne. Shi ya kai ni wurin aikin nan da ƙafarsa lokacin da ba mu da kowa, shi ne kuma waliyyina ranar ɗaurin aurena. Mutum ne da bai taɓa cin na kowa ba. Idonsa ne ya yi rauni, ga shi bana aka kawo sabon tsari na kwamfuta, sai ki gan shi ya kai fuskarsa dab da allon yana danna maɓalli da yatsa guda. Saura kaɗan ya ajiye aiki da mutuncinsa. Sabon daraktanmu kuwa, matashi ne da ya zo daga Yamai, ba ya ɓoye cewa yana ganin tsofaffin ma'aikata na ja masa baya. Ina tsoron in na buɗe baki, ni ce zan miƙa masa wuƙa.

Na taɓa shiga buron Baba da takardun a jakata. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambaye ni yara, ya ce yana alfahari da ni, da babana na raye da ya yanka mini rago. Muka yi hirar damina, na fito da takardun a jaka yadda na shiga da su.

Maigidana Yahuza ya ce in bar wa Allah, ba a kunyata babba saboda kuɗi. Lurwanu kuwa, makanikenmu da shi ma ya yi karatu aka yanke masa sau ɗaya, ya rantse zai shiga wurin darakta, da ƙyar na roƙe shi ya dakata. Ga rajistar shekara ta biyu za a rufe ƙarshen wata, abin da aka yanke mini kuma shi na so in cika kuɗin da shi. Ba ni da sauran tumaki. Ba na so karatun ya tsaya, ba na so Baba ya zubar da hawaye a kaina. Inna, yaya zan yi?

Ɗaliba mai goyo, daga Malbaza

*

Ɗiyata, barka da cin jarrabawa. Da wannan na fara, don na ga damuwa ta sa kin kusa mantawa da abin da kika yi.

Yahuza yana da gaskiya a abu guda: ba a kunyata babba. Lurwanu ma yana da tasa: haƙƙin mutum ba abin jin nauyi ba ne. Amma dukansu sun ɗauka hanya biyu ce kawai, ko shiru ko ƙara. Shirunki ba rufin asiri ba ne ga Baba Abarshi. Abin da aka aika wa buron haraji yana nan a rubuce, kuma ranar da masu bincike ko darakta suka gano shi da kansu, babu mai tambayar lafiyar idon tsoho. Kuskuren da kontabul ya gano ya gyara da hannunsa kuwa, aiki ne na yau da kullum.

Ki raba matsalar gida biyu. Rubuta kuɗin sau biyu kuskure ne tsantsa, ba ya buƙatar muhawara. Amma ko kuɗin karatu na cikin abin da ake yanke wa haraji, wannan ni ba ma'aikaciyar haraji ba ce, ba zan yanke miki hukunci ba. Yakan danganta da abin da doka ta ce da yadda aka rubuta yarjejeniyarku. Ki je buron haraji da kanki ki tambaya, ba sai kin ambaci sunan kowa ba.

Ki haɗa takardar da kuka sa wa hannu, rasit na makaranta, shaidar kuɗin da aka mayar miki, da takardun albashin watannin biyu. Ki yi kwafinsu, na asali su zauna a gida. Sannan ki koma wurin Baba cikin makon nan, lokacin da babu kowa a buron. Kada ki ce ya yi kuskure. Ki ce kin ga layin ya fito sau biyu, kina so ku duba tare. Ki roƙi abu biyu: sabuwar takardar albashi da aka gyara, da kuma gyaran abin da aka aika wa buron haraji, domin kamfanin ne ya aika, shi ne zai gyara. Ki tambaye shi yadda za a mayar miki da abin da aka yanke. Ki kuma gaya masa na Lurwanu, ya gyara duka a zama ɗaya, ya kai wa darakta da bakinsa. Tunda kin koyi kwamfuta, ki zauna kusa da shi ku yi tare in ya yarda.

In mako biyu suka wuce ba motsi, ki rubuta wa kamfanin gajeriyar takarda, ki faɗi abin da ya faru ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, a buga wa kwafinki hatimi. In hakan ma bai yi ba, akwai wakilin ma'aikata, akwai buron kula da ƙwadago. Amma ban jin za a kai can.

Rajista kuwa, kada ki jira kuɗin su dawo, gyaran takarda ba ya sauri. Ki je Konni ki nuna musu sakamakonki, ki nemi a raba miki biyan kashi-kashi. Makaranta ba ta son rasa ɗalibar da ta ci.

Ɗiyata, mutumin da kika siffanta mini ba zai ji zafin gyara ba. Abin da zai yi masa ciwo shi ne ya ji daga baya cewa kin bar karatu saboda kuskuren hannunsa, kin kuma ɓoye masa. Ki ba shi damar ya gyara da kansa, wannan ita ce girmamawar.

Allah ya ƙara wa Baba lafiyar ido, ya sa ku rabu da takardun nan kuna dariya, ke kuma ya kai ki ƙarshen karatunki lafiya.

Inna Larai