Garin da Sarki Bai Taɓa Ci Ba

Laraba da dare, Selly Oak

Dakta Kabiru, malamin tarihin nan, ya taso takanas daga Manchester, wai ya zo duba ni. Mutumin da ya yi wata huɗu bai amsa saƙona ba! Ya kai ni cin abinci unguwar Sparkhill, ko zama ban gama yi ba ya fara: "Ƙanwata, ya aikinki a kan Sarki Mai Ganuwa? Recording ɗin kakarki yana nan?"

Shi ma a kan sarkin yake rubutu. Littattafai sun ce garuruwa bakwai ya ci da yaƙi, amma a kirarin da Kaka ta gada wurin mahaifinta, makaɗin fada, goma sha ɗaya ne. Sau ɗaya ta yi mini shi kafin ta rasu, kuma thesis ɗina kaf a kansa yake.

"Jero mini su kawai, don sha'awa," in ji shi. Don sha'awa, amma wayarsa na kife kusa da farantina, sai gyara ta yake.

Na jero masa goma sha biyu. Na cusa Tashar Dogo a tsakiya, ƙauyen da direbobin tirela suka kafa Baba yana saurayi. Ya gyaɗa kai, har da cewa ya taɓa jin labarin yaƙin.

Kaka ki yafe mini, na yi wa kirarinki ƙari. Wataƙila ma zargi ne kawai. Amma yana da conference wata mai zuwa, kuma a layin gaba zan zauna, in ji ko Sarki ya ci Tashar Dogo.