Man Gyaɗa a Injin Busar da Abinci

Inna,

Na tafi Gusau kina gidan suna, ban samu jiranki ba. Jiya da na ce injin busarwar nan yana son mai, man famfonsa mai zuƙe iska nake nufi, ba man gyaɗa ba. Na san taimakona kika yi da kika zuba masa shi. Da safe ina kunna shi ƙamshin ƙuli-ƙuli ya cika ɗaki, famfon yana tari kamar tsohon babur. Na tsiyaye shi tas, zan sayo nasa.

Amma Inna, tumatirin garin Karakkai da ke ciki bai lalace ba. Ya daskare, jajir kamar yanzu aka tsinko shi. Ina so in gani da idona yadda sanyi zai busar da abu babu rana.

Don Allah kada ki fito da shi ki shanya. Baba ya ce in karo na uku ya ƙi, injin zai koma wurin Kawu Bashar. Sau biyu ana yi mini dariya a gidan nan, ban mutu ba. Zan dawo kafin la'asar. In Baba ya nufi ƙofar injin, ki ce masa karo na ukun bai ƙare ba tukuna.

Muzdalifa