Katin Marigayiya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar kewa, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar nan da ke damun ki? Ki bar taurin kai ki je a duba miki. Mu nan lafiya, Baban yara kuwa yana nan yadda kika bar shi, daga gado sai kujera. Wata goma sha huɗu ke nan da faɗowarsa daga saman gini, har yau ƙugun ya ƙi ɗaukar sa.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto miki. Kin san sau uku ina zuwa ofishin tallafi a kan maganarsa, kuɗin nan da gwamnati ke ba tsofaffi da naƙasassu duk wata. Takardar likita na kai, hoto na kai, shi kansa na ɗauka a motar haya na kai, ya kwana biyu yana nishi. Kullum amsa ɗaya: ya cancanta, amma adadin unguwarmu ya cika, sai wani ya rasu gurbi zai buɗe. Zuwana na ƙarshe har zolaya ta ma'aikacin ya yi, wai in yi haƙuri, tsofaffin unguwarmu ba sa mutuwa.

Ashe suna mutuwa.

Kin tuna Uwar Biyu, wadda muke guga a teburi ɗaya a ɗakin wankin otal? Ita ce ta riƙe min aikina mako biyu lokacin da Baban yara yake asibiti. Layi uku ne tsakanin gidanmu da nata. Ranar Talata rigar aikinta ta shiga cikin kayan wanki, ni kuma ina laluben aljihuna kafin in zuba a inji, kamar kullum. Sai na ciro katin tallafi. Hoton tsohuwarta ne a jiki, da sunanta, da tambarin bana, sabo fil. Yaya, matar nan shekara biyu ke nan da rasuwarta. Da hannuna na wanke kwanukan 'yan gaisuwa a gidan.

Na mayar da katin, na miƙa wa Uwar Biyu rigarta. Ta ce, "Allah ya bar mu tare, ƙawata." Na ce amin. Na koma kan guga, na ƙona rigar matashin kai sai da hayaƙi ya tashi, shugabar ɗakin wanki ta wanke ni tas a gaban kowa, ban ma ji abin da take faɗa ba.

Sau nawa na zauna gefen Uwar Biyu ina ba ta labarin ofishin tallafi, har da hawayena? Ta riƙa girgiza kai tana cewa mutanen nan ba su da imani. Alhali gurbin yana cikin aljihunta!

Akwai ɗakin kai ƙorafi a ofishin, na sha wuce ƙofarsa. Kwana uku ke nan ina tunaninsa. Wataƙila akwai bayanin da ban sani ba, amma na juya na juya ban gano shi ba. Ki faɗa min abin da kika gani. Kada ki gaya wa Inna, kin san kafin la'asar dangi kaf sun ji.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da kika je asibiti. Sauran abin da ke ciki kam bai yi min daɗi ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Wai in yi shiru, in tuna alherin Uwar Biyu, ba aikina ba ne. Aikin wa ne, Yaya? Ke ce ke juya Baban yara a gado da asuba kafin ki fita aiki? Ke ce ke raba ƙwayar magani biyu don ta kai ƙarshen wata? Daga nesa haƙuri yana da sauƙin rubutawa.

Duk da haka na bi rabin shawararki, na tare ta kafin komai. Lokacin hutun rana na same ta a matakalar baya, inda muke shan iska saboda tururin ɗakin. Na ce na ga katin. Na ɗauka za ta yi musu ko ta fashe da kuka. Ko gezau! Ta gyara zama ta ce, "To, kin gani. Sai me?"

Na ce ta yaya gawa ke zuwa tantancewa duk shekara? Ta ce ƙanwar tsohuwar take kaiwa, kamarsu ɗaya, ta dangwala yatsa su fito. Haka ta faɗa min, kamar mai ba da labarin cefane. Ta ce uban 'yan biyun ya tafi shekara huɗu ko waya babu, da kuɗin nan take riƙe su a makaranta. Ta ce, "Kuɗin gwamnati ne, ba na uban kowa ba. Waɗanda ke sama suna kwasa da buhu, ni da na ɗiba da cokali kika gani?"

Na ce ba na uban kowa ba ne, amma gurbin na mijin wata ne. Can ta kamo hannuna ta ce, "Mu raba. Rabi naki duk wata, har ya miƙe."

Yaya, wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi. Abin da ya fi ƙona min rai, sai da na tsaya na yi tunanin tayin. Na ga maganinsa cikakke, na ga katifa sabuwa. Na fi minti ɗaya hannuna a cikin nata kafin na fizge. Wannan mintin ba zan yafe mata shi ba.

Da na koma gida na kwashe komai na faɗa wa Baban yara, ina jiran ya tashi ya kama bango don fushi. Sai ya juya fuska ya ce shi ba ya cin kuɗin mamaciya, kuma ba ya so a ce saboda shi aka ɗaure uwar yara. Na ce to wanne kake so? Ya ce in rage murya maƙwabta na ji. Ka ji namiji! Wannan ba ya so, wancan ba ya so, ni ce dai zan ɗauki kayan, shi ya zauna da tsarkinsa.

Washegari na ce mata ta je da ƙafarta ta sanar da rasuwar kafin ƙarshen wata, ba sai ta ambaci shekara biyun ba, wannan tsakaninta da Allah. In ba ta je ba, ni zan je. Ta yi min kallon sama da ƙasa ta ce, "Ba za ki iya ba."

Ki yi min addu'a, ko da ba ki yarda da ni ba.

Taki,
Auta


Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Wannan gajeriya ce.

Ba ta je ba. Abin da ta yi, ta bi matan ɗakin wanki ɗaya bayan ɗaya ta ce ina so in kai ta kurkuku saboda hassada. Yanzu in na shigo hira sai ta mutu. Wadda ke kan injin busarwa, da na koya wa aiki da hannuna, ta ce a gabana wai a riƙa kulle jaka, akwai mai laluben aljihun mutane. Kowa ya kwashe da dariya. Biyu daga cikinsu sun same ni a ɓoye sun ce gaskiya ce da ni. A ɓoye fa! Na ce su riƙe gaskiyarsu, ba ta da amfani a wurina.

Ranar ɗaya ga wata na nemi izinin awa biyu na tafi. Na zauna a bencin ƙofar ɗakin ƙorafi, sau biyu ina tashi in kai bakin titi in dawo. Ina ta ganin fuskar 'yan biyun nan, ni na goya ɗaya ranar da aka sallame su daga asibiti. Sai aka shigo da wata tsohuwa, 'yarta na riƙe da ita, ina ji aka gaya musu abin da aka saba gaya min. Na tashi na shiga.

Matar da ke ciki ta ce ina iya rubutawa ba suna, amma irin waɗannan sukan daɗe a aljihun tebur. Na rubuta sunana cikakke, da lambar gidanmu. Da na fito na koma bakin aikina.

Kada ki rubuto min cewa kin faɗa min.

Auta


Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Ki yafe min shirun wata biyu da kuma zafin bakina na baya. Saƙon maganin da kika aiko ya iso, Baban yara yana godiya, ni ma haka, ko da yake wasiƙar da ke ciki layi uku ce kacal. Na gane, fushi kike yi.

Ga yadda ta kaya. Sun soke katin. Ba a ɗaure ta ba, amma za ta mayar da abin da ta karɓa, ana cira daga albashinta. Ƙanwar tsohuwar nan tata ta wuni a hannun masu bincike, tsohuwa da ita, aka ce har fitsari ta yi a zaune don tsoro. 'Yan biyu sun bar makarantarsu sun koma wata mai nisa, da safe ina hango su suna tafiya a ƙafa, sai in canza layi.

Gurbin kuwa ba mu aka ba ba. Wani makaho ne a bayan kasuwa, shekara uku yana jira, yana gaba da mu a layi. Na je na tambaya, aka ce Baban yara ya matsa daga na tara zuwa na takwas. Na ce sauran katunan fa, an duba ko masu su na da rai? Ma'aikacin ya ce ba a duba sai an kawo ƙorafi, in na san wani in rubuto. Ka ji fa! Suna zaune ƙarƙashin fanka da tambari a hannu, ni ce zan bi unguwa ina ƙirga musu matattu, in ɓata da kowa, su karɓi albashi. Na faɗa masa maganar da ba zan iya rubuta miki ba, mai gadi ya raka ni har waje.

Baban yara bai ce na kyauta ba, bai ce na yi laifi ba. Rannan dai ya ce makahon nan ya san shi, mutumin kirki ne, tare suka taɓa aiki. Iyakar abin da na samu daga bakinsa ke nan.

Kin tambaya ko na yi nadama. Ban yi ba. Amma kada kowa ya ce min na ji daɗi, ko in ji wani ya kira ni jaruma, sai na zage shi.

Har yanzu teburinmu ɗaya da ita, shugaba ta ƙi raba mu, ta ce otal ba kotu ba ne. Manyan zannuwan gado sai mutum biyu suke ninkuwa, ita ta kama gefe ni in kama gefe, mu tako mu haɗa hannu a tsakiya, sau ɗari a wuni. Mako bakwai muna haka ba wadda ta ce uffan. Ta rame, Yaya, zoben hannunta har juyawa yake yi. Jiya muna ninke wani, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Ja gefenki, ya karkace."

Na duba, da gaske ya karkace. Na ja.

Ki gaishe da maigidanki da yara, ki ce wa Inna ina nan tafe in na samu hutu. Ki rubuto min wasiƙa doguwa, ko ta faɗa ce.

Ƙanwarki har kullum,
Auta