Turaren Inna ne yake kashe min ƙudaje

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle.

Ni mazaunin unguwar PK5 ne, bayan titin Koudoukou. A da mototaksi nake yi, wato haya da babur, hatsari ya lalata min gwiwa, na dawo gida ina zaune sai ka ce tabarma. Wata ƙungiya ta ɗauke ni cikin masu kiwon baƙin ƙuda, wanda da tsutsarsa ake ciyar da kaji da kifi. Na gyara tsohon ɗakin ajiyarmu, suka kafa min kejin raga, da na'urar auna zafi da danshi, da ƴar kyamara da ke tura hoto ofishinsu. Ƴan unguwa suna min dariya wai na zama makiyayin ƙuda, ban kula ba, domin na samu dalilin tashi da safe.

To sau biyu ƙudajen suna zubewa matattu kafin su yi ƙwai. Injiniyan ƙungiyar ya ce idan zubi na uku ya mutu za su kwashe kayansu su ba wani. Jiya ya kira ni ofis, ya ce na'urar tana nuna zafi yana tashi duk Juma'a da hantsi, lokacin ina masallacin Koudoukou neman sahun gaba. Ya buɗe bidiyon, sai ga Inna, mahaifiyata, ɗauke da kaskon wuta. Ta rufe ƙofa, ta zuba tazargade da turare, tana zagaya kejin tana tofa addu'a, har da share hawaye. Kambun baka take kore min. Kuma ko ɗankwali babu a kanta, tunda a cikin gidanta take. Matar da tun rasuwar Baba ko maƙwabci bai taɓa ganin gashinta ba, ga ta a allo maza uku suna kallo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Laifina ne, ban taɓa faɗa mata akwai kyamara ba, na raina abin. Yanzu in na ce hayaƙinta ne, za ta tambayi yadda na sani, kuma tana da hawan jini. In na sa kwaɗo, ta ce na kulle mata ɗaki a gidan mijinta. In na yi shiru, sana'ar ta tafi.

Ɗazu ta kira ni tana murna, ta nuna min ƙullin turare babba, ta ce, "Ɗan nan, bakin mutane ya yi maka yawa, gobe ninkawa zan yi."

Jama'a yau Alhamis. Da wane baki zan gaya mata?