Ranar Dawowar Kanar

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
Wata uku ke nan da kawo ni Tambuwal. Kanar ya tafi Sakkwato koyar da ɗalibansa harkar tsaron ƙasa, ya ce sai Alhamis. Na yi shara, na kwanta da littafin labarin da nake karantawa. Mijin da ke ciki ma soja ne, amma shi komai sai ya faɗa wa matarsa, har da hawaye. Nawa kuwa, shekara ashirin da shida a soja, goma cikinsu a leƙen asiri, labari ɗaya tak ya taɓa ba ni, wai shinkafar bariki ba ta jin gishiri.

Laraba, 9 ga Yuli
Yau ya dawo. Kaina rabi a tsefe, ko miya ban kaɗa ba. Ya ci ɗumame yana dariya, ya ce ya fi na bariki. Na ji daɗin ganinsa, wallahi. Amma karo na fuɗu ke nan yana faɗin wata rana ya zo wata. Me yake zaton zai tarar? Bai yarda da ni ba ne?

Asabar, 12 ga Yuli
Ruwa tun safe. Ya gyara min ƙafar kujera. Ban tambaye shi maganar sauya ranar ba.

Lahadi, 13 ga Yuli
Mun je suna Kebbe. Na ja yayarsa Zulfa bayan rumbu na faɗa mata. Ta yi ta dariya. Ta ce ko mahaifiyarsu ba ta taɓa sanin ranar zuwansa ba. Wai yana da amini, Gazali, da ya faɗa wa iyalinsa ranar dawowa a waya, maganar ta yi yawo, aka tare shi a hanya. Kanar ne ya kai gawar gida.
"Ba ke shika tsoro ba, Raihanatu," in ji ta. "Hanya ce."
Na ji kunyar kaina.

Alhamis, 17 ga Yuli
Na shirya dogon jawabi irin na littafi. Da na gan shi zaune yana duba takardun ɗalibai, fuskarsa na kallon ƙofa kamar kullum, sai duk ya gudu. Abin da ya fito kawai: "Ni dai miya nika son ta iske ka da zafi." Ya daɗe yana kallona.

Litinin, 21 ga Yuli
Zai koma Sakkwato, ya kai bakin zaure ya dawo. "Jumma'a, bayan la'asar. Ke kaɗai kinka sani."

Jumma'a, 25 ga Yuli
Ya zo bayan la'asar. Miyar kuka na tururi, ya yi ƙari.
Da safe maƙwabciyata Ummulkulsum ta shigo aron rariya, ta tambaye ni yaushe maigida zai dawo. Kazar da na tanada tana nan ɗaure gabanta. Na ce mata sai dai mun gan shi.
Littafin yana shafi na arba'in tun Litinin. Aiki ne ya yi min yawa, ina ji.