Bangon da Bai Kai Rufi Ba

Litinin, 6 ga Nuwamba, 2023

Meram ta sauka! Namiji! Ni ne yau da jika. Haihuwar fari ce, shi ya sa ta dawo gida wanka wajen uwarta, matata Adda. Da hantsi aka aiko mini shagon maganin gona da nake aiki, na baro kwastoma tsaye da jarkar feshi a hannu. Madam Folashade, mai shagon, ta ce, "Baba, ka je, yau ko ruwa ka sayar wa mutane ba ka sani ba."

Talata, 7 ga Nuwamba

Na kwashe buhunan waken Bulkachuwa daga ɗakin mai jego na mayar ɗakin da ke jikinsa. Ƙwaro ya fara shiga, na jefa ƙwayar magani bibbiyu a kowane buhu, irin wadda muke warewa mu ƙulla wa manoma a leda. Yaron kunnena ya ɗauko. Adda ta ce Allah ya kiyaye.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Jaririn ba ya kama nono. Meram ta yi amai sau biyu. Ashe tun jiya kanta ke sarawa, ta yi shiru. Ɗan fari, kunya ba ta barin ta nuna damuwa a gabanmu. Adda ta rufe taga ta ƙara garwashi, wai sanyi ne.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Da safe na tsinci kyanwarmu a mace kusa da buhunan. Ɗakin na warin tafarnuwa. Na ɗaga kai. Bangon da ke tsakanin ɗakunan biyu bai kai rufi ba. Ni na gina shi.

Muka kwashi Meram da jaririn sai asibiti. Sista Roseline ta ce, "Baba, wane magani ne? Ba sunan kasuwa ba. Ina takardar da ke zuwa da shi?"

Takardar bayanin haɗari. Kowane kwali da tasa yake zuwa. Shekara tara ina shimfiɗa su a kan kantar shago don kada kwalabe su ɓata katako. Na koma shago da gudu na zaro ɗaya, duk shacin gindin kwalba a jiki. Bayanin kashi goma sha shida ne. Na bi da yatsa, da ɗan Turancin da Malam Reuben ya koya mana a ajin yamma ina da furfura. Kashi na biyu: in ƙwayar ta sha danshi tana fitar da iska mai kisa. Na huɗu: a fitar da mutum sarari nan take. Na bakwai: kada a ajiye a ginin da mutane ke kwana.

Na iya karatu. Ban karanta ba ne kawai.

Asabar, 11 ga Nuwamba

An sa wa jaririn robar iska a hanci. Ƙirjinsa kamar na ɗan tsako.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Adda ta kawo madara da manja za ta ɗura wa Meram, wai suna karya guba. Na karɓe. "Babu shi a takarda," na ce. Ta dube ni. "Yau ka san takarda, Malam?" 

Litinin, 13 ga Nuwamba

An raɗa suna a barandar asibiti. Saleh. Ba taro, ba a yanka ragon ba. Uban yaron ya gaishe ni har ƙasa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Wani manomi, Mamman na Itas, ya zo shago neman ƙwaya huɗu a leda. Na tambaye shi ina rumbunsa yake, wa ke kwana kusa. Ya ce, "Malam, aure na zo nema?" Na karanta masa kashi na bakwai, ya yi tsaki ya tafi wani shago. Ban san me ya sa na bi shi har bakin titi ina maimaitawa ba.

Da la'asar aka cire wa Saleh robar. Ya kama nono, ya ƙi saki. Meram ta manta da kunya ta kira sunansa a gabana. Likita bai ce an gama ba, ya ce a jira. To, a jira. Ni dai na tsaya a ƙofar masallaci bayan salla na ce duk wanda ke da ƙafa ya zo ya ga Saleh yana tsotso.